Masauki a Makka cikin goman ƙarshe: ta hannun ejan, ta manhaja, ko baki da baki?

A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a wutsiyar sanyi, tsakanin Fabrairu da Maris, watanni kaɗan bayan an gama kaka. Ga mutumin Toranke da ƙauyukan Ajingi da Gaya, lokacin ya zo daidai. Manomi ya fitar da riɗi da gyaɗa da wake, mai kiwo ya kai bijiminsa Wudil ranar Juma'a, ɗan tireda ya tattaro basussukansa. Kuɗi na hannu a daidai lokacin da ake fara zancen Umrar azumi. In aka zauna lissafi, kuɗin biza da tikitin jirgi daga filin Malam Aminu Kano ba su cika jawo gardama ba, domin bambancinsu tsakanin kamfani da kamfani ba shi da yawa. Inda lissafi yake rikicewa shi ne masauki. Mutum biyu za su tashi jirgi ɗaya, su dawo jirgi ɗaya, amma wani ya biya ninkin abin da ɗan'uwansa ya biya, kuma duk bambancin ɗakin kwana ne.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Makka gari ne mai kaka irin tasa. Ɗakin da ake roƙon mutum ya karɓa a watan Safar, shi ake rububinsa a goman ƙarshe na Ramadan, farashinsa ya ninka sau da yawa. Hukumomin Saudiyya sun ce masu Umra daga ƙetare sun haura miliyan 13 a 2023, kuma burinsu su kai miliyan 30 nan da 2030, alhali filin da ke kewaye da Harami bai ƙaru da taku ɗaya ba. Turawa ma suna da garuruwa masu irin wannan hali, kamar Chamonix a Faransa da Zermatt a Suwizalan, inda jama'a ke tururuwa wasan sulu a kan ƙanƙara daga Disamba zuwa Afrilu, masu gidaje su tara rabin abincin shekara cikin 'yan makonni. A can an daɗe ana jayayya kan ko baƙo ya kama gida ta manhajar intanet ko ya nemi mai gidan kai tsaye. Jayayyar ta iso mu, sai dai mu tamu ta fi tasu rassa.

Mu fara da manhajar, tunda ita ce baƙuwa. Booking.com an kafa shi a ƙasar Holan a 1996, Airbnb kuma a San Francisco a 2008. A gida akwai Wakanow da Hotels.ng, a Saudiyya akwai Gathern mai hayar gidaje da ɗakuna na 'yan kwanaki. Dukkansu ba su da ɗaki ko guda. Dillalai ne, kuma la'ada suke ci. Booking.com yana karɓar abin da ya kai kashi 15 cikin ɗari daga hannun otal. Airbnb ya daɗe yana raba tasa la'adar gida biyu, kashi 3 daga mai gida, kusan kashi 14 daga baƙo. Ko daga aljihun wa aka ce an cira, a ƙarshe baƙo ne ke biya, domin mai otal ya riga ya zuba ta cikin farashi. A ɗauka, a matsayin misali, ɗaki na Riyal 1,000 a dare, kwana goma. Riyal 10,000 ke nan, la'adar ta kama Riyal 1,500, wato Dala 400, tunda Riyal a ɗaure yake da Dala a kan 3.75 tun 1986. A mayar da Dala 400 zuwa Naira a gani: buhu nawa ne na gero?

Wannan kuɗi ne masu cewa a je kai tsaye suke hange, kuma suna da hujja. Shekaru da dama manhajojin suna sa wa otal sharaɗin kada ya sayar da ɗaki a ƙasa da farashin da ya ba su, ko da a shafinsa na kansa. Faransa ta haramta wannan sharaɗi a 2015, kuma a 2024 Tarayyar Turai ta sa Booking cikin manyan kamfanonin da ta ɗora wa dokoki na musamman, sharaɗin ya faɗi a ƙasashenta. Kafin ma a kai nan, duk wanda ya san harkar ya san cewa manajan otal yakan sassauta a waya abin da ba zai rubuta a allo ba, musamman ga mai ɗaukar ɗakuna biyar ko goma.

Sai dai ni ban yarda cewa la'adar nan asara ce a kowane hali ba. Bahaushe bai taɓa tafiyar nesa ba tare da mai tsaya masa ba. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suna sauka ne a wurin fatoma, kuma abin da fatoma ke sayarwa ya wuce ɗaki da tabarma: shi ke ajiye kuɗin baƙo, shi ke haɗa shi da mai saye, shi ke ɗaukar nauyi in an ci bashi an gudu. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya rataya kacokan a wuyan waɗannan masu gida. A Makka kanta a da akwai muɗawwifai, gidajen da suka gaji aikin tarbar alhazai kaka da kakanni, kowane gida da ƙasashen da yake kula da su. Duk waɗannan suna cin la'ada, kuma ba wanda ya kira su ɓarayi, domin ranar da abu ya ɓaci akwai ƙofar da za a buga.

Manhaja ma abin da take sayarwa ke nan. Tana nuna maka sunan otal, da wurinsa a taswira, da abin da ɗaruruwan da suka kwana a ciki suka faɗa game da ruwa da lifta da tsabta. Tana ba ka takarda mai lamba. A ɗakuna da yawa tana ba ka damar fasawa kyauta kafin wata rana, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan Najeriya da bizarsa kan yi jinkiri ko jirginsa ya ɗaga. In ka isa aka ce ɗaki ya cika, akwai inda za ka kai ƙara, ko da kuwa amsar za ta zo da Turanci kuma a makare. Raunin fatoman zamani shi ne bai san ka ba, ba ya jin kunyarka, ba za ku haɗu a ɗaurin aure ba. Ƙa'idarsa kawai yake bi. Kuma ko a cikinsa akwai ɓarayi: tun daga 2023 aka yi ta samun rahotannin 'yan damfara da ke kutsawa asusun otal su aika wa baƙi saƙo cewa su sake biya ta wata hanya. Duk saƙon da ya ce ka fita daga manhaja ka tura kuɗi wani wuri, ka ɗauka tarko ne.

Akwai kuma katangar da Baturen Chamonix bai san da ita ba. Daga 2022 bankunan Najeriya suka rufe biyan kuɗin waje da katin Naira, sai a tsakiyar 2025 wasu suka fara buɗewa, shi ma da iyaka. Mutumin Toranke da ba shi da asusun Dala dole ya nemi wani ɗa ko ƙani a Kano ya biya masa, shi kuma ya sayi Dalar a kasuwar canji ta Wapa. Ga dillali ya sake dawowa ta taga. Sannan zaɓin "biya in ka isa", wanda yake kama da sauƙi, yana da nasa haɗarin. Wanda ya biya kuɗin ɗaki a farkon 2023, Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, da wanda ya zo biya a farkon 2024 bayan ta haura 1,500, ba ɗaki ɗaya suka saya ba ko da lambar ƙofar ɗaya ce. In Naira na zamewa, biya da wuri riba ne. In ta tsaya, riƙe kuɗinka ya fi.

To, baki da baki fa? A nan Hausawa suna da abin da ƙabilu kaɗan ke da shi. Tun zamanin tafiyar ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Suwakin, jama'armu ke zama a Hijaz, wasu sun yi ƙarni. Unguwannin Shari' Mansur da Hindawiyya da Jarwal da Misfala cike suke da masu jin Hausa. Da wuya a rasa gida a ƙasar Gaya da ba shi da lambar wani a can. Ana buga masa ta WhatsApp, a ce: "Alhaji, Baba zai zo goman ƙarshe, a nema masa wuri kusa." Shi kuma ya ce: "An gama, in sha Allahu." Sau da yawa kuwa an gama ɗin, cikin rahusa, har da tuwon buɗa-baki da rakiyar asibiti in jiki ya motsa, abin da babu manhajar da za ta yi.

Amma "kusa" ba ma'auni ba ne. Tun da aka rushe ganuwar Ajyad a 2002 aka gina dogayen benayen agogo a wurin, aka kuma share tsofaffin gidajen Jabal Umar da Shamiyya, ƙananan masaukan da talaka ke samu a bakin Harami suka ƙare. Abin da ya rage mai sauƙin kuɗi ya ja baya zuwa ƙasan titin Ibrahim Khalil, da Kudai, da Aziziyya wadda sai an shiga mota an ratsa ramin dutse. Saurayin da ke zaune a Makka yana ganin tafiyar minti 25 kusa ce. Dattijo mai shekara 70, da azumi a baki, da zai yi ta sau uku ko huɗu a yini, ga tahajjud cikin dare, ba haka zai gani ba. Kuma in wuri bai yi ba, wa za a kama? Ɗan ƙanwar maƙwabci ne, taimako ya yi. Sai a haɗiye, a dawo gida ana gunaguni a zaure. Kunyar da ke sa shi ya yi ƙoƙari, ita ce ke hana ka neman hakkinka.

Doka ma ta rage wa wannan hanya faɗi. Saudiyya ta ƙaddamar da dandalin Nusuk a 2022, kuma a watan Yunin 2025 Ma'aikatar Hajji da Umra ta sanar cewa ba za a ba da bizar Umra ba sai an shigar da yarjejeniyar masauki ta sashen dandalin mai suna "Nusuk Masar", a otal mai lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido. Ɗakin ɗan'uwa a Shari' Mansur ba ya cikin wannan lissafi. A aikin Hajji kuwa zancen bai ma taso ba: masauki yana hannun hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, da hukumar alhazai ta jiha, ko kamfanin jirgin yawo mai lasisi. Masu bin bayan fage sun ga sakamakon a 2024, lokacin da mutum 1,301 suka rasu cikin tsananin zafi, kuma hukumomin Saudiyya suka ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti ko motar da za su fake.

Saboda haka mafi yawan mutanenmu ta hannun ejan suke bi, kuma a gaskiya shi ne ya fi cancantar a sa wa ido. Ejan yana dunƙule biza da tikiti da mota da masauki ya kira kuɗi ɗaya. Ba laifi ba ne, kuma nagartattu a cikinsu suna kama benaye tun watanni kafin azumi a farashin sari da mutum ɗaya ba zai samu ba. Matsalar ita ce a cikin dunƙulen ne ake ɓoye ɗakin. Takarda ta ce "otal mai tauraro huɗu ko makamancinsa", kuma duk rigimar da za a yi a Makka tana cikin wannan "makamancinsa". A nan ne nake ganin manhaja ta fi amfani ga mutumin Toranke, ko da ba zai biya ko sisi ta cikinta ba. Ejan ya faɗi sunan otal. Yaro mai waya ya buga sunan, a ga mita nawa ne zuwa ƙofar Sarki Abdul'aziz ko ta Sarki Fahad, a ga farashin waɗannan kwanaki, a karanta ƙorafin waɗanda suka sauka a azumin bara, ba na watan Safar ba. Ejan da ya ƙi faɗin suna ya riga ya ba da amsa.

A ra'ayina, wanda bai taɓa zuwa ba kada ya yi rowar la'ada, ya biya mai takarda, ejan mai lasisi ko manhaja. Wanda ya je ya kwana a wuri ya gamsu, ya karɓi lambar ofishin otal ɗin kafin ya fito, domin a zuwa na biyu shi ke da ƙarfin ciniki, balle in mutum takwas ko goma daga gari ɗaya suka haɗa kai. Ko a nan, kuɗi ya shiga asusun otal, ba na wani ma'aikaci ba, kuma a tabbatar kamfanin da ke fitar da biza zai iya shigar da wannan masauki a Nusuk kafin a tura komai.

Kowace hanya aka bi, a rubuta gado nawa ne a ɗaki, domin ɗakin mutum huɗu yakan koma na shida a daren 27. A rubuta ko akwai sahur, da ko motar Harami tana aiki bayan tarawihi lokacin da ake rufe tituna. Sannan a duba ranar fita da kyau. Otal da kalandar Bature yake lissafi, azumi kuwa da ganin wata yake ƙarewa, kuma watan Saudiyya ba lallai ya zo daidai da sanarwar Sarkin Musulmi ba. Wanda ya kama ɗaki a kan azumi 29 aka yi 30, zai tsinci kansa da jaka a harabar otal ranar jajibere, yana neman dare guda a gari da ba gado. A ƙara kwana ɗaya tun daga gida; in wata ya tsaya da wuri, an yi sallar idi a Harami an dawo an huta.