Hayaƙin manyan motoci da haƙƙin mazauna bakin hanya

Duk wanda ke zaune a Sokode ko Dapaong ya san babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Lome, ta ratsa Atakpame, ta shigo garinmu, ta wuce Kara da Mango da Dapaong har Sinkase, bakin iyakar Burkina. Kakanninmu fatake sun bi wannan yanki da jakuna zuwa Gwanja sayen goro. Yau tireloli ne ke bi, ɗauke da shinkafa da siminti da mai na Burkina da Mali da Nijar. Tun da aka rufe iyakar Benin da Nijar a 2023, kayan Nijar da yawa ma ta nan suka koma.

Arziki ne, ba mu musu. 'Ya'yanmu ne direbobin da yaran mota, matanmu ke sayar musu da abinci. Amma akwai wani kuɗin da mai kaya bai biya, huhun mutanen bakin titi ke biyansa.

Baƙin hayaƙin gazuwal ba ƙazanta ce kawai da ke ɓata farar riga ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin toka ƙanana ƙwarai, waɗanda kaurin gashin kai ya ninka su wajen sau 30. Hanci bai iya tace su, sai su gangara can cikin huhu, wasu har su shiga jini. Daga nan ake samun tari mai naci, da tashin fuka, da ciwon zuciya. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan hayaƙi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin huhu. Yaro ya fi shan wahala, don numfashinsa ya fi sauri, kuma tsayinsa daidai bakin salansa yake. In hunturu ya zo, ƙura ta haɗu da hayaƙi, to abin sai dai a ce Allah ya sauwaƙe.

Man kansa ma da laifinsa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa cewa ana kawo wa Afirka ta Yamma gazuwal mai farar wuta fiye da ninki ɗari na abin da Turai ta yarda da shi. A ƙarshen shekarar Togo na cikin ƙasashe biyar da suka yi alkawarin hana shigo da shi. Ga kuma tsofaffin injuna da lodi fiye da ƙima; wanda ya taɓa bin bayan tirela a hawan Aledjo ya ga abin da muke nufi.

Wannan na hukuma ne. Namu kuwa, malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa hanya tana da haƙƙi, kuma an hana mutum ya cutar da maƙwabci da hayaƙin tandarsa. To ina ga mota da aka bari tana ruri awa guda a ƙofar makarantar allo, direba yana can yana shan shayi? Muna roƙon direbobinmu, in an tsaya salla ko cin abinci, a kashe inji, mai ma ya ragu. Masu motoci su riƙa gyara famfo da nozul kan lokaci. Malaman da allunansu ke bakin kwalta kuwa, su mayar da yara cikin gida ko bayan masallaci, ko da wurin ya fi matsi.