Kukan magariba da ciwon cikin jarirai

Da zarar jariri ya takure ƙafafu zuwa ciki, ya dunƙule hannu, yana tsala kuka da magariba, sai kowa a gida ya zama likita. Kaka ta ce cibiya ce, maƙwabciya ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau, wata kuma ta ɗauko jiƙo.

Mafi yawan lokuta abin bai kai haka ba. Akwai murɗar ciki da ke kama jarirai tun suna da kamar mako 2, ta yi tsanani wajen mako 6, daidai lokacin da mai jego ke gama wankan arba'in, sannan ta tafi da kanta tsakanin wata 3 zuwa 4. Tun 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya ba ta ma'auni: kukan fiye da awa 3 a rana, kwana 3 a mako, har mako 3, alhali yaron yana shan nono yana ƙara nauyi. Irin wannan yaro rarrashi yake buƙata. A ɗora shi a kafaɗa bayan ya sha, a bubbuga bayansa har ya yi gyatsa, a shafa cikin a hankali, a riƙa zagayawa da shi. Idan uwa ta gaji, ta miƙa wa wani, kada dai a jijjiga shi da ƙarfi, don hakan na iya fasa jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

A ganina, sau da yawa maganin ya fi ciwon haɗari. Hanjin jariri ba ya ɗaukar jiƙo ko kanwa, zuma ma ba a ba wanda bai cika shekara ba, saboda ƙwayar cuta da ke iya shanye masa jiki. Tsaga a ciki da askar wanzami kuwa ƙofa ce ga tetanus. Kantin magani ma ba a shigarsa da ka. A tuna da My Pikin, maganin haƙori da ya gurɓata da guba ya kashe yara 84 a Nijeriya tsakanin 2008 da 2009. Nonon uwa zalla har wata 6 ya wadatar, ko ruwa ba sai an ƙara ba.

Amma akwai kukan da ba a kwana da shi. Idan aman ya zo kore, ko kashin ya fito da jini da majina, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko wani kumburi ya bayyana a matsematsi ya ƙi komawa, to hanji ne mai yiwuwa ya toshe, ko ya shige cikin kansa. Wannan aikin asibiti ne, wani lokaci har da tiyata, kuma kowace awa da aka ɓata hanjin yana ƙara lalacewa. Haka nan zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga ɗan ƙasa da wata 3, ko jaririn da ya ƙi kama nono ya yi laƙwas. Ko tsakar dare ne, a nemi abin hawa.