YARON DA KARATU YA KE BA WUYA

Kwanan baya wani magidanci daga wani ƙauye na ƙasar Zango ya zo mini ɗakin shan magani yana jaye da ɗansa mai shekara tara. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, allurar ƙwaƙwalwa na ke so a yi masa." Na tambaye shi dalili. Ya ce shekara uku ke nan yaron yana zuwa makaranta, amma ko sunansa ba ya iya karantawa, alhali ƙanwarsa da ta shiga bara har ta fara haɗa baƙi. Na zauna da yaron muka yi taɗi. Ya san akuyoyin gidansu ɗaya ɗaya, ya san wadda ta haifi kowace. In an aike shi kasuwar Mai'aduwa ba a cutarsa a canji. Da na ɗaga rigarsa don in auna ƙirjinsa, sai ga shatar bulala a bayansa, sabuwa da tsohuwa.

To, kai mai karanta wannan ɗan littafi, watakila akwai irin wannan yaro a gidanka. Saboda shi na ke wannan magana. Babu allura, babu ƙwaya, babu ruwan kwalba na kemis da ke sa yaro ya iya karatu, kada ka ɓata kuɗinka. Amma akwai abin yi, kuma yawancinsa a gida a ke yinsa.

Da fari sai a duba jikin yaro, gama sau da yawa a nan matsalar ta ke. Ka rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ka ja da baya kamar taku bakwai, ka nuna masa yatsu ya ƙirga, ko wani ƙaramin abu ya faɗi sunansa. Sa'an nan ka sake da ɗaya idon. In yana ƙanƙance ido, ko yana kai takarda har bakin hanci, ko kansa yana ciwo in ya daɗe yana duba allo, lalle a kai shi a gwada. Tabarau kaɗai ya isa ya warware wa wani yaro wahalar shekaru. Ka fara da asibitin Daura. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka Katsina, ko asibitin ido na ECWA a Kano.

Bayan ido sai kunne. Ka tsaya a bayansa inda ba ya ganin bakinka, ka yi masa raɗa, ka ce ya maimaita. Yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da mugunya, ko wanda ya yi ƙyanda mai tsanani, ko ya tashi daga sanƙarau, yana iya rasa wani sashi na jinsa ba tare da kowa ya lura ba. Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, da kurame da ta bari a garuruwan Arewa. Wanda ba ya jin bambancin "sa" da "sha" yaya zai rubuta su? Kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye, kada a sa tsinke ko gashin kaza. A kawo shi a wanke, a ba shi magani.

Sa'an nan ciki. Yaron da ya tafi makaranta bai karya kumallo ba, ko tsutsar ciki da tsargiya suka shanye masa jini, ko zazzaɓin cizon sauro yana kayar da shi kowace damina, ba zai riƙe karatu ba. Ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba: in ta yi fari fat, jini ya yi kaɗan. Haka kuma mai sikila, wanda ciwo ke hana shi zuwa aji mako biyu, mako uku. A rugagen Fulani na wajen Baure da Sandamu kuwa akwai yaron da Fillanci ya tashi da shi, Hausar ma bai gama kamawa ba aka ɗora masa Turanci. Wannan lokaci kawai ya ke bukata. Kuma gaskiya ɗaya ce, ajin da yara suka yi wa malami ɗaya yawa, da yawansu ba a koya musu ba ne kurum.

To, in an duba duk wannan ba a sami kome ba, ido garau, kunne garau, 'yan ajinsu sun wuce shi kuwa yana nan? Akwai wata lalura da likitoci suka daɗe da sani. A 1887 wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, ya rubuta littafi a kanta, shi ne ya raɗa mata suna disleksiya. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin hankali, lissafi bai ba shi wuya, amma karatu ya gagare shi. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baka a ke koyar da kome, da shi ne zai zama na ɗaya a makarantar. Mutanen wancan zamani sun zaci wata irin makanta ce ta kalmomi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna a wajen sauti abin ya ke. Watau yaro yana jin kalma gaba ɗayanta, amma rarraba ta gunduwa gunduwa, da ɗaura kowane sauti a kan baƙinsa, shi ke yi masa nauyi. A kan gaji abin a dangi. In ka bincika za ka tarar da wani kawu ko baffa da aka ce boko ya ƙi shi. Masana suna kiyasta yaro ɗaya cikin goma zuwa ashirin yana da ita, da maza da mata. Ba hauka ba ce, ba aikin iska ba, ba kuwa lalaci ba.

Irin wannan yaro ya kan ɓoye a makarantar allo, domin kunnensa yana ɗaukar hadda, yana biyawa tare da 'yan'uwansa kamar yana karantawa. In kana so ka gane, ka ɗora yatsa a tsakiyar allon ka ce ya karanta daga nan. Amma kada ka tsorata don ɗan shekara shida yana juya b ta zama d. Kusan duk yara suna yin haka da fari. Wanda ya kai takwas yana yi, shi ne abin lura.

Yanzu ga aikin gida. Ka ajiye littafi tukuna, ka fara da baki da kunne, kamar wasa. Ku tafa hannu kuna rarraba suna: Dau-ra, tafi biyu, Ku-su-gu, tafi uku. Ka ce, kawo mini abu uku da suka fara kamar "buta". Ya ce bante, bokiti, barkono. Ka ce, in an cire "ma" daga "masara" me ya rage? Wannan ko uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya yinsa tana tankaɗe, kuma shi ne ginshiƙin aikin duka. Na fi so a yi mako biyu ko uku a kansa kafin a taɓa alƙalami.

Sa'an nan wasula biyar: a, e, i, o, u. Bayansu baƙaƙe kaɗan masu sauƙi, kamar m, n, k, t, s. Sautin baƙi za ka koya masa, ka bar sunansa na Turanci. A haɗa: ma, mi, mu, na, ni, nu. Da waɗannan kaɗai ya isa ya karanta nama, mama, tuta, kaka, masa. Ranar da ya karanta "nama" da kansa, ka duba fuskarsa. A tsakar gida za a yi, a kan rairayi. Ya zana baƙin da yatsa, babba, yana faɗin sautinsa da ƙarfi, ya share ya sake. Ya gina shi da yumɓu, ko ya karya kara ya jera. Hannu da ido da baki da kunne su yi aiki tare. Malamanmu na allo sun san wannan hikima tun da daɗewa: babbaƙu tukuna, sa'an nan farfaru, kuma sun ba haruffa sunaye bisa siffarsu, lam jaye, mim jaye, nun guda, don yaro ya riƙe. Ka yi koyi da su a nan. Bulalar kaɗai za ka bari.

Ka raba b da d, kada ka koyar da su mako ɗaya. Sai ɗaya ta zauna sosai ka kawo ɗaya. Masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su zo daga baya, da kalmomi biyu biyu don ya ga amfanin ƙugiyar: fada da faɗa, kaya da ƙaya, baki da baƙi. Na ƙarshe su ne masu baƙi biyu, sh, ts, ky, gw da 'yan'uwansu.

Da Hausa za ka fara. Mun yi sa'a, rubutunmu na boko kusan yadda a ke faɗi haka a ke rubutawa. Turanci kuwa baƙi ɗaya yana da murya uku ko huɗu. Ni kaina a makarantar mishan da na yi, na ga yara masu basira sun sha kuka a kan haka. Wanda ya kama karatu da harshen uwarsa ya fi saurin kama na wani. Wuri ɗaya ne rubutunmu ke da tarko: ba ya nuna jan wasali ko hawa da saukar murya. Garin Daura da garin tuwo rubutunsu ɗaya. In ya yi tuntuɓe a nan, ka ce ya karanta maganar har ƙarshe, ma'ana za ta nuna masa. Tsofaffin littattafan nan na "Ka Koyi Karatu", in ka same su, suna da amfani.

Minti 15 ko 20 a yini ya isa, amma kullum, lokaci ɗaya, bayan ya ci abinci. Bayan la'asar ya fi, kafin duhu. In ya gaji a tashi. In kai mai saurin fushi ne, ka bar wa uwarsa ko yayarsa, kada kuma a yi a gaban ƙannen da suka wuce shi. Tsoro yana toshe kai. Yaron da ke jiran saukar dorina, hannunka ya ke kallo, ba baƙi ba. Da dare a yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a karanta masa labari yana saurare, don kada kalmomi su ƙare masa kafin karatun ya zo. In bahago ne, a bar shi ya rubuta da hagunsa. Ba ita ta hana shi karatu ba. Addu'ar iyaye kuwa a yi ta, a haɗa da aikin.

Kada ka cire shi daga makaranta ka ce gida ya isa, ko ka tura shi kiwo ko talla don ka fid da rai. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin sa yaro firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara. Ka je ka ga hedimasta da malamin ajin, ka gaya musu abin da aka gani a asibiti. Ka roƙa a zaunar da shi gaba, a daina tsayar da shi ya yi karatu a gaban aji ana dariya, a riƙa tambayarsa da baka, a ƙara masa lokaci in ana jarrabawa.

Ba na yi maka alkawarin zai zama mai gudu a karatu. Mai wannan lalura ya kan girma da ita, rubutunsa ya kan zo da kurakurai har ya yi gemu. Amma yana iya karatu, yana iya gama makaranta. Yaron nan na Zango, uban ya komo da shi bayan wata huɗu don maganin tsutsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana bin allon sanarwa da yatsa, a hankali, har ya fitar da kalmar "magani".

In ka yi wata shida kana wannan aiki ba ka ga ko ɗan motsi ba, ko yaron yana da jinkirin magana, ko farfaɗiya, ko ya kasa abin da sa'o'insa ke yi na yau da kullum, ka komo da shi mu rubuta maka takarda zuwa likitan yara a Katsina. Ka zo da littafin rubutunsa na makaranta da katin rigakafinsa. Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.