Ashirin da Bakwai, Lambar da Ta Cinye Mini Alli

Ko ɗan firamare ka tare a Maiduguri, zai gaya maka ƙananan hukumomin Borno 27 ne, tun daga Abadam a bakin iyakar Nijar har Bayo can kudu. A masallaci ma lambar ba baƙuwa ba ce: ladan sallar jam'i, da daren 27 ga azumi da ake cika sahu har kan titi. Ni kuwa da na tsufa ina koyar da lissafi, wata fuskarta na sani.

Duk shekara nakan biya Monday Market in sayi dunƙulen Maggi 27 in kai aji. Sai in jera uku-uku, layi uku, tara ke nan, in ɗora hawa na biyu da na uku. Ga ɗan gini ya tashi, tsawo da faɗi da tsayi duk ɗaya, domin 27 uku ce sau uku sau uku. Daga nan in tambayi yara, guda nawa ne ido ba zai gani ba ko ta ina aka juya ginin? Guda ɗaya tak, na can tsakiya. Kullum sai an yi gardama kafin a rushe a duba.

Lambar 27 mara ce, ba cika ba, wato biyu ba ta raba ta. Masu raba ta ba saura huɗu ne kawai: 1, 3, 9 da ita kanta. Haɗa ukun farko, 13 za ka samu, bai kai 27 ba, shi ya sa masana suka sa ta a sahun gajiyayyun lambobi. Haɗa 2 da 7, ka ninka sau uku, ka dawo 27. Ban da sifili, babu wata lamba mai wannan hali. Da lissafi aka bari ya raba wa mazaɓun sanatocinmu uku ƙananan hukumomin Borno, da tara-tara ya ba su, amma ta tsakiya 8 ta samu, ta kudu 9, ta arewa 10.

Inda take nuna taurin kai shi ne wasan da ake dangantawa da Bajamushe Lothar Collatz tun 1937. Ɗauki kowace lamba: in cika ce ka raba biyu, in mara ce ka ninka sau uku ka ƙara ɗaya, ka yi ta maimaitawa. Zato shi ne komai daɗewa sai ka sauka a 1. Maƙwabciyarta 26 taku goma take yi, 28 kuma 18. Wata rana na fara 27 a allo da ƙarfin gwiwata, ana saura minti goma a tashi: 82, 41, 124, 62, 31, 94… Allo ya cika, alli ya ƙare, aka kaɗa ƙararrawa lamba tana ta hawa.

Washegari wata yarinya daga Gwange ta miƙo mini bayan littafinta, shafi biyu cike da ƙananan rubutu. “Malam, a taku na 77 ta kai 9,232, sannan ta fara gangara.” Taku 111 cif. Na bi da jan biro, ban sami kuskure ba.

An gwada lambobi fiye da biliyan sau biliyan a kwamfuta, duk sun sauka. Masanin lissafi Terence Tao ya matsa kusa da hujja a 2019, amma har yau babu wanda ya tabbatar da zancen ga dukkan lambobi. Da na gaya mata haka, sai ta ce in ba ta wata lambar.