Fedar Roba da Fedar Ƙarfe a Zongon Kumasi

Kalmar feda aro ce daga Ingilishi, kuma tana nufin wurin da mahayin keke yake ɗora ƙafa ya taka. A Zongon Kumasi da unguwanni irin su Aboabo da Asawase, mai keke yakan tarar da feda iri biyu a wajen masu sayar da kayan gyara: ta roba da ta ƙarfe. Sai dai a lura, Bahaushe yana kiran abu biyu da sunan roba, wato mai taushi irin ta taya da mai tauri irin ta bokiti. Mai taurin ake nufi a nan.

Fedar roba ta fi araha, ba ta da nauyi, kuma ba ta tsatsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Kumasi, inda ake damina sau biyu a shekara, daga wajejen Maris zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba. Haƙoranta ba su da kaifi, don haka ba ta cin silifas, kuma idan ƙafa ta zame ba ta cika yanke ƙwauri ba. Aibinta shi ne haƙoran sukan side da wuri, sai ta riƙa santsi idan ta jiƙe. In kuwa ta tsage, ba a yi mata walda, sai dai a sayi wata.

Ta ƙarfe ta fi riƙe takalmi, ta kuma fi jure nauyi, shi ya sa ta fi dacewa da mai ɗauko kaya daga kasuwar Kejetia. Idan ta baƙin ƙarfe ce ta lanƙwashe, maƙeri zai iya miƙe ta, kuma garin da yake da Suame Magazine ba ya rasa maƙera da masu walda. Amma yaron da zai hau da silifas ko ƙafa ba takalmi, wahala zai sha.

Abin da masu saye suka fi mantawa da shi yana can ciki. Kowace feda, ko ta roba ko ta ƙarfe, tana juyawa ne a kan sandar ƙarfe, galibi da boris a bakinta biyu. Ruwan damina yakan wanke giris, ƙurar hunturu ta shiga, sai boris ya cinye, feda ta soma girgiza. Sau da yawa daga nan take mutuwa, jikinta kuwa lafiya lau. Saboda haka fedar roba mai boris na kirki ta fi ta ƙarfe mai boris na banza. Wajen ɗaurawa ma akwai ƙa'ida: ta dama ana murza ta dama, ta hagu kuwa hagu ake murza ta. Wanda ya tilasta ta ta ɗaya ɓangaren, ramin da take shiga zai lalata, kuma gyaransa ya fi kuɗin fedar. Kaurin bakin sandar ma iri biyu ne, 9/16 da 1/2 na inci, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya.

Akwai iri na uku, wanda ake gani a tsofaffin kekunan Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin: ƙarfe ne a kewaye, da guntayen roba mai taushi guda biyu inda tafin ƙafa yake sauka. Tana da nauyi, ba ta kuma burge samari, amma ga mai silifas da ke ɗaukar kaya a lungunan Zongo, da wuya a sami wadda ta fi ta.