A-kori-kura Ko Ƙaramar Mota?

Tun daga ran 29 ga watan Mayu, 2023, ranar da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya faɗa a cikin jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, wata mas'ala ta shiga gidajen masu motoci a Gwandu da Kalgo, ta kuwa ƙi fita. Mas'alar ita ce wannan: mutumin da ke da a-kori-kura, watau motar nan mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar kaya, shin ya sayar da ita ya sayi ƙaramar mota marar shan mai, ko kuwa ya riƙe abarsa ya daure wa kuɗin mai? Tambaya ce mai nauyi, gama ga mutane da yawa motar nan ita ce rabin dukiyarsu, wanda ya yi kuskure a cinikinta kuwa da wuya ya sami damar gyarawa.

Dalilin damuwar ba ɓoyayye ba ne. A farkon 2012 ana sayar da lita naira 65, gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga ta zuwa 141, jama'a suka yi bore, aka mayar da ita 97. A watan Mayu na 2016, zamanin Muhammadu Buhari, ta koma 145. Gab da jawabin nan na 2023 farashin hukuma bai cika naira 200 ba, amma ba a yi mako guda ba sai ga shi ya haura 500 a garuruwan Arewa. A watan Oktoba na 2024 ya wuce naira 1,000 a Abuja. Ya ɗan sassauto a 2025, bayan matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da fetur, duk da haka bai ko kusanci inda ya fito ba. Saboda haka kuɗin da ke cika tanki biyar a dā ya koma na tanki guda.

Wannan hali ya fi ƙuntata wa mutanen ƙasar noma da fatauci, irin wannan yanki na Jihar Kebbi. Gwandu, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, tana gabas da Birnin Kebbi, daura da ƙasar Tambuwal, ita da maƙwabciyarta Aliero kuwa an san su da noman albasa. Kalgo kuma tana kan mararraba: hanyar da ta fito daga Birnin Kebbi nan take rabuwa, reshe guda ya nufi Jega, guda ya bi ta Bunza har Kamba, bakin iyakar Nijar. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a jihar nan a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya ƙara bunƙasa a fadamu, buhunan shanshera suka yawaita, ga taki, ga injin ban-ruwa, ga jarkokin mai, kowanne sai an ɗauka an kai. Aikin a-kori-kura ke nan. Tun kamfanin Peugeot, wanda jama'a ke kira Fijo, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ƙirar 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya suka zama jakunan zamani, daga baya Toyota Hilux ta biyo sawu.

To, da yake an ambaci jaki, yana da kyau a tuna da hikimar fataken dā. A ƙarni na goma sha tara kasuwar Jega tana cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, ayarin masu zuwa Gwanja fataucin goro nan sukan yada zango. Madugu ba ya auna dabba da yawan abin da take ci kaɗai. Yakan duba abin da ta ci, sa'an nan ya duba abin da ta ɗauka. Raƙumi ya fi jaki ci nesa ba kusa ba, amma wanda ke da kayan raƙumi bai taɓa sayar da raƙuminsa don jaki ya fi sauƙin kiwo ba. Haka kuma wanda ba shi da kaya sai jikinsa da gafakarsa, ba ya sayen raƙumi ya riƙa ciyar da shi a banza. Wannan ma'auni shi ne ya dace da mota. Tambayar da za a yi ita ce, me motar ke ɗauka a kan kowace lita da ta sha?

Ga misali domin a gane lissafin. A ƙaddara tsohuwar a-kori-kura tana shan lita 14 a tafiyar kilomita 100, zuwa da dawowa, ƙaramar mota kuma tana shan lita 7, watau rabi. Wanda ya tsaya nan zai ce ai magana ta ƙare. Amma a-kori-kura an yi ta ne don ɗaukar kimanin tan guda, watau buhu goma masu nauyin kilo ɗari-ɗari. Ƙaramar mota kuwa, in ta ɗauki uku ta yi iyakar ƙoƙarinta. Falken da zai kai buhu goma kasuwa, sawu guda ya ishe shi da a-kori-kura, lita 14 ke nan. Da ƙaramar mota sai ya yi sawu huɗu, lita 28, ban da ɓata yini da gajiyar taya. Ashe motar da aka ce ba ta shan mai ta sha ninki biyu. Ga mai irin wannan sana'a, sayar da a-kori-kura hasara ce da ta zo cikin rigar riba.

Sai a juya ga wani mutum dabam, malami mai makarantar allo wanda ya sayi a-kori-kura tun mai na da araha. Yawancin tafiye-tafiyensa na ɗaurin aure ne da ta'aziyya da zuwa tafsiri cikin watan azumi, ko kai marar lafiya asibiti a Kalgo ko Birnin Kebbi. Bayan motar fayau yake, sai lokacin kaka ne kaɗai yakan kwaso hatsin gonarsa. Shi wannan yana biyan kuɗin man tan guda alhali bai ɗauki kome ba sai kansa da almajirai biyu. In yana tafiyar kilomita 1,000 a wata, a-kori-kura za ta sha lita 140, ƙaramar mota lita 70. In an ƙaddara lita naira 1,000, ya tsira da naira 70,000 kowane wata. Hatsin kaka kuwa sai ya ɗauki shatar mota kwana biyu ko uku a kwaso masa. Ga wannan malami, canja mota yana da fa'ida bayyananniya.

Amma fa akwai sauran lissafi, shi ne maganar ciko. Wanda motarsa tsohuwar Fijo ce, abin da zai samu in ya sayar ba zai saya masa ƙaramar mota mai lafiya ba sai ya yi ƙari. Dalili kuwa, kusan duk motocin nan na hannu daga ƙasashen waje ake shigo da su, da dala ake saye. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024, kuɗin mota da na kayan gyara suka bi ta. Tun kafin wannan ma, daga farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, aka toshe hanyar Kwatano wadda mutanen Arewa suka daɗe suna dogara da ita. To, a ƙaddara cikon ya kai naira 2,500,000. Malamin da ke tsira da naira 70,000 a wata sai ya yi kusan shekara uku cur kafin kuɗinsa su dawo. In kuwa tafiyarsa ba ta wuce kilomita 300 a wata ba, abin da zai rage naira 21,000 ne kaɗai, sai ya jira wajen shekara goma, kafin nan ita ma sabuwar ta tsufa. Mai ƙarancin tafiya, gara ya bar motarsa a inuwa, ya hau babur ko motar haya in uzurin ƙarami ne.

Wanda ke da Hilux mai sauran ƙarfi, nasa hali dabam ne, gama shi zai sayar ya sayi ƙarama har ya sami rara. Hatsarinsa yana ga rarar. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin 100 bisa ƙididdigar hukuma, watau kuɗin da aka ajiye a akwati suna narkewa kamar gishiri a damina. In bai sa rarar nan cikin jari ko gona ko dabba nan da nan ba, ranar da ya so ya komo ga irin motar da ya sayar sai ya tarar ta fi ƙarfinsa. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ranar girbi kowa na neman mota a lokaci guda, mai ita shi ke yanka kuɗin dako yadda ya so, albasa kuwa ba ta jiran kowa, in ta daɗe a tare cikin zafi sai ta fara ruɓewa.

Hanya ma tana da nata hukunci. Wanda zirga-zirgarsa a kan kwalta take, tsakanin Kalgo da Jega ko Birnin Kebbi, ƙaramar mota ta ishe shi. Wanda kuwa gonarsa ke cikin fadama, ko yake bin kasuwannin ƙauye da damina, ya sani ƙaramar mota cikinta kusa da ƙasa yake. Rairayi ya riƙe ta, laka ta riƙe ta, kwazazzabo ya fasa mata tukunyar baƙin mai. Abin da aka rage a gidan mai sai a kai wa bakanike. Har ila yau tsofaffin motocin nan kowane bakaniken gari ya san cikinsu, amma sababbin ƙira masu aiki da kwamfuta, wani ciwon nasu sai an kai babban gari an sa musu na'ura kafin a gane shi.

Ba a Nijeriya aka fara shiga wannan tsaka mai wuya ba. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka da waɗansu ƙasashe mai, saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila. Cikin 'yan watanni kuɗin ganga ya ninka wajen sau huɗu. Mutanen birane da yawa a Amurka suka bar manyan motocinsu suka koma ga ƙananan motocin Japan, amma manoma da magina ba su rabu da motocin kayansu ba. Kowa ya bi abin da aikinsa ya hukunta.

Saboda haka abin da ya kamaci mai mota, kafin ya kira dillali, shi ne ya auna nasa aiki da hannunsa. Ya cika tanki fal, ya rubuta abin da agogon tafiya ya nuna, in ya sake cikawa ya ga lita nawa ta shiga. In agogon ya mutu, kamar yadda yakan mutu a tsofaffin motoci, sai ya auna da hanyar da ya san tsawonta. Sa'an nan ya sami ɗan littafi, ko da ajami ko da boko, ya riƙa rubuta kowane sawu: ina aka je, me aka ɗauka, nawa aka sha. Ya yi haka har rubutun ya haɗa da lokacin kaka da lokacin da ba kaya, gama wata guda ba ya nuna halin shekara. In ya duba ya ga yawancin sawayen da lodi aka yi su, ya riƙe motarsa. In ya ga yawancinsu wayam ne, ya fara neman mai saye.

Wanda lissafi ya ce ya riƙe, akwai dabarun rage shan mai waɗanda ba su da tsada. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana ƙara shan mai, haka tsohon fulogi, da matacin iska da ƙura ta toshe, da gudun da ya wuce kima, da lodin da ya fi ƙarfin mota. Babbar dabara kuwa ita ce kada mota ta dawo wayam. Wanda ya kai albasa Jega ya nemi dakon taki ko siminti ko kayan masu shaguna ya komo da shi. Maƙwabta biyu ko uku kuma suna iya haɗa kayansu a sawu guda su raba kuɗin mai, yadda fatake ke haɗa ayari.

Wanda kuma lissafi ya ce ya sayar, malamai sun fi kowa sanin sharuɗɗan da ke kansa. A fiƙihun Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, mai saye kuwa yana da ikon mayar da kaya in ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa. Injin da ke shan baƙin mai, da giyar da ke zamewa, da bodin da aka like aka shafe da fenti, duk aibi ne, sai a faɗa. A yanke la'adar dillali tun kafin ciniki, a yi shaidu, a rubuta. Motar da za a saya kuma a tabbata takardunta na kwastan sahihai ne, don kada a ƙwace ta a kan hanya, a kai ta wurin bakaniken da aka amince da shi ya duba tukuna. Kada a ci bashi mai ruwa don yin ciko, gama ban da haramcinsa, ruwan zai cinye abin da ake fatan ragewa. A tuna kuma motar da mutum ke aiki da ita ba ta da zakka, amma kuɗinta in an ajiye suka kai nisabi, shekara ta kewayo a kansu, zakka ta wajaba.

Kuɗin mai yana hawa yana sauka, ba ya hannun mutumin Gwandu ko na Kalgo. Abin da ke hannunsa shi ne sanin nauyin kayansa da tsawon hanyarsa, da haƙurin rubuta su kafin ya sallama. Allah ya sa albarka a cikin nema. Haza wassalam.