Gargaɗi ga Iyaye da Makarantun Kwana Kan Ɗalibai Masu Asma

Hunturu ya kankama, ƙura ta turnuƙe daga Sakkwato har Damagaram, kuma a ɗakunan kwanan ɗalibai akwai yaran da ke kwana a zaune, ƙirjinsu na fito. Iyaye, shugabannin makarantu da masu kula da ɗakunan kwana, ku duba maganin shaƙa da ke hannun yaran nan, ku kuma duba halin da zukatansu ke ciki, domin ɗaya na jan ɗaya.

Asma tana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta yi ajalin mutum 455,000 a shekarar 2019, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu.

Inhela, wato maganin shaƙa, iri biyu ce. Shuɗiyar, wato salbutamol da aka fi sani da Ventolin, buɗe hanyar numfashi take yi na 'yan sa'o'i, ba ta taɓa kumburin da ke cikin huhu. Ɗayar, mai ɗauke da beclomethasone ko budesonide, ita ke kwantar da kumburin, kuma yadda likita ya tsara ake shaƙarta ko da yaro yana jin garau. Tun 2019 ƙwararrun GINA, masu tsara ƙa'idojin maganin asma na duniya, suka daina amincewa a dogara da shuɗiyar kaɗai. Wanda ke ƙarar da shuɗiyar inhela uku ko fiye a shekara yana cikin haɗari.

Ɗalibin da ciwon damuwa ya danne, ya daina cin abinci, ya janye daga abokai, barci ya ƙaurace masa saboda fargabar WAEC ko JAMB, abu na farko da yake saki shi ne maganin kullum. Sai ya koma shaƙar shuɗiyar ba ƙaƙƙautawa. Yawanta na sa hannu rawa da bugun zuciya, tsoro ya ƙaru, tsoron kuma ya tayar da asmar. Wasu, musamman 'yan mata, ɓoye inhelar suke yi a ƙasan akwati don kada a yi musu laƙabi, ko don an ce musu wai wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da ita. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana jefa yara cikin halaka. Yaron da ya yi shiru haka kada a ce masa rago. A zauna da shi, a kai shi asibiti, addu'a da magani su tafi tare.

A kula da ƙwayoyi ma. A watan Maris na 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan montelukast, saboda yana iya kawo munanan mafarkai, baƙin ciki, har da tunanin kashe kai. In halin yaro ya sauya bayan fara shi, a ga likita a ranar. Dexa da prednisolone da ake saya a kemis ba takarda su ma suna birkita hali, kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya yanke su farat ɗaya.

Makarantu, kada a kulle inhelar ɗalibi a ofis, a bar ta a aljihunsa dare da rana. A ɗauke masa shara, a raba shi da hayaƙin maganin sauro.

In ciwon ya taso, a zaunar da shi tsaye, kada a kwantar. A girgiza shuɗiyar, a fesa sau ɗaya cikin mazubin da ake haɗawa da ita, ya ja numfashi a hankali. In babu, gorar ruwa ta roba mai rabin lita da aka huda gindinta daidai bakin inhela tana aiki. A maimaita bayan kowane minti ɗaya, har sau goma. In ya kasa haɗa jimla, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko fiton ƙirjin ya ɗauke alhali yana fama, a nemi mota a nufi asibiti nan take, ana ci gaba da fesa masa a hanya, ko da tsakar dare ne.